Ɗan Gado da Ɗan Haye: Barenboim da Previn a Kan Sikeli

A shekarar 1938 wani lauya Bayahude ya kwashi iyalinsa ya bar birnin Balin, don ya ga alamar in ya ƙara jinkiri 'yan Nazi ba za su bar shi ya fita da ƙafarsa ba. Cikin 'ya'yan da ya fita da su har da wani ɗan shekara tara mai suna Andreas, wanda tun yana ɗan shekara shida aka sa shi makarantar koyon kiɗa ta birnin. Suka ɗan zauna a Faris, daga nan suka tsallaka teku zuwa Amurka, suka yada zango a Los Anjelis. A wannan ƙaura ne sunan yaron ya koma André Previn.

Bayan shekara goma sha shida, a 1954, sai ga wani uban, shi ma Bayahude, yana hana nasa ɗan zuwa Balin ɗin. Wilhelm Furtwängler, wanda a lokacin babu jagoran makaɗan da ya kai shi daraja a Jamus, ya saurari yaron a Salzburg yana kaɗa fiyano, abin ya ba shi mamaki, ya gayyace shi ya zo ya yi wasa tare da makaɗansa. Uban ya ce a'a, shekara tara kacal da gama yaƙi, jinin 'yan uwansu bai gama bushewa ba. Sunan wannan yaro Daniel Barenboim, shekarunsa goma sha ɗaya.

Su biyun nan duka sun girma sun riƙe sana'a biyu da ba kowa ke iya haɗa su ba. Kowannensu gwanin fiyano ne, kuma kowannensu ya jagoranci manyan rundunonin makaɗa na duniya. Amma hanyar da ta kai su can ba ta ko kama da juna. Ɗaya a gida aka raine shi don wannan aiki, manyan malamai suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ɗayan a ɗakin haɗa kiɗan fim ya koyi sana'a, yana aikin albashi, agogo na bin sa a guje. Wace tarbiyya ce ta fi yin makaɗi?

Kafin a je can, fiyanon da ake magana a nan ba na lantarki ba ne irin wanda ake ɗora wa waƙoƙin fim a situdiyo. Babban akwatin katako ne mai maɓalli 88, kowane maɓalli in an danna shi sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya a ciki. Okestira kuwa runduna ce ta makaɗa tamanin zuwa ɗari, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, kowa da takardar abin da zai kaɗa a gabansa. Jagora shi ne mutumin nan da ke tsaye ya juya wa jama'a baya, da siririn tsinke a hannu, shi kaɗai ne a dandalin ba ya fitar da sauti ko ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rawa yake yi. Ainihin aikinsa ba a idon jama'a yake yin sa ba, a ranakun gwaji ne. Littafin da ke gabansa ya ƙunshi layin kowane makaɗi, wani shafin layi ashirin ko talatin a jere daga sama zuwa ƙasa, dole ya karanta su gaba ɗaya ya ji su a kansa kafin kowa ya taɓa kayan kiɗa. Shi zai yanke saurin tafiya, shi zai ce masu kakaki sun danne masu sarewa, shi zai tsayar da mutum casa'in ya nuna na can baya ya ce sautinka ya sauka. In kunnensa bai kai ba, makaɗa za su gane cikin minti biyar, kuma daga ranar ya gama yawo a wurinsu.

Shi ya sa galibin jagorori daga fiyano suke fitowa. Mai goge layi ɗaya yake bi. Mai fiyano da yatsu goma yake riƙe layi huɗu ko biyar a lokaci guda, ya saba da jin gini gaba ɗayansa.

Barenboim ɗan gado ne gaba da baya. An haife shi a Buenos Aires ta Ajantina ranar 15 ga Nuwamba 1942, uwa malamar fiyano, uba malamin fiyano. Uwar ta fara ɗora masa yatsu yana ɗan shekara biyar, uban, Enrique, ya karɓa, kuma bai taɓa yin wani malamin fiyano ba bayan shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaran da suka taso da baiwa sau da yawa yawan canjin malamai ke rikita su, wannan ya ce ɗaga wuyan hannu, wancan ya ce sauke. Shi hanya ɗaya aka ɗora shi a kai, kuma hanyar ita ce ya ɗauki fiyano tamkar okestira, ya ji goge a wannan yatsa, ya ji ƙaho a wancan. A watan Agusta 1950, yana ɗan shekara bakwai, ya yi wasansa na farko a gaban jama'a. A 1952 iyalin suka koma Isra'ila, a shekarar kuma ya kaɗa a Biyana da Roma.

Daga nan sai jerin sunayen da in makaɗin Turai ya ji su zai gyara zama. A 1954 ya shiga ajin Igor Markevitch na koyon jagoranci a Salzburg, yaro cikin magidanta. A wannan bazarar ce ya zauna yana kallon Furtwängler na gwaji da makaɗa, watanni kaɗan kafin tsohon ya rasu a watan Nuwamba. A 1955 aka kai shi Faris wurin Nadia Boulanger, matar da ta horar da mawallafan kiɗa masu yawa na ƙarni na ashirin, ya koyi yadda ake jera sautuka su dace da juna. A 1956 a garin Siena na Italiya ya haɗu aji ɗaya da Zubin Mehta da Claudio Abbado, waɗanda su ma daga baya suka riƙe manyan kujeru. A 1957 ya kaɗa a Niyok ƙarƙashin jagorancin Leopold Stokowski. Bai cika shekara goma sha biyar ba.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Duk wannan tafiya babu inda aka ce yaron ya je neman aiki. Ƙofofi buɗe masa ake yi tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ba laifinsa ba ne, baiwar ta kai a buɗe mata. Amma yana nufin tun yana ƙarami ya san cewa shi magajin wani gida ne, gidan Beethoven da Brahms da Wagner, kuma dattawan gidan sun sa masa albarka da bakinsu.

Previn shi ma ba daga sama ya faɗo cikin kiɗa ba. An haife shi a 1929. Ubansa lauya ne mai son fiyano, kuma da suka isa Amurka, inda takardun lauyancinsa na Jamus ba su da amfani, koyar da fiyano ya koma yi don a ci abinci. Ya saba zaunar da yaron gefensa su kaɗa manyan simfoni, wato dogayen kiɗan okestira, da hannu huɗu a fiyano ɗaya, ba tare da an ba shi damar duba takardar tukuna ba. Daga nan ya samo abin da ya ciyar da shi har tsufa: a miƙo masa kiɗan da bai taɓa gani ba ya kaɗa shi nan take kamar ya kwana da shi. Ya kuma yi karatu wurin mawallafa irin su Mario Castelnuovo-Tedesco. Hayen nasa ba a kiɗa yake ba. A fadar manyan makaɗan gargajiyar Turai ne ya zama ɗan haye, don ta ƙofar baya ya shigo, ƙofar Holiwud.

Yana ɗalibin sakandare kamfanin fim na MGM ya fara ba shi aiki, wajen 1946. A 1949 sunansa ya fito a matsayin mai kiɗan wani fim na karen nan Lassie. Ba a nan ake neman suna ba, amma a duba abin da aikin yake buƙata. Za a kawo maka yankin fim a ce daga inda matar ta buɗe ƙofa zuwa inda ta juyo daƙiƙa arba'in da biyu ne, a cike shi da kiɗa. Ka kwana kana rubuta wa kowane makaɗi layinsa. Masu kwafi su kwafe. Kwana ɗaya ko biyu, ga ka tsaye gaban makaɗa na kamfani, ƙwararru, wasunsu 'yan gudun hijira daga manyan okestirorin Turai, fim na tafiya a babban allo bayansu, wani farin layi na ratsa hoton yana nuna maka inda dole bugunka ya sauka. In ka haɗa sarewa da ƙaho ta hanyar da ba ta yi daɗi ba, ba malami ne zai ja maka jan biro bayan mako biyu ba. Da kunnenka za ka ji ɓarnar, a gaban mutum sittin da ake biya kowace sa'a, ka gyara a tsaye. Gobe a sake. Haka ya yi shekara da shekaru.

A ganina babu makarantar kiɗa a duniya da ta taɓa ba ɗalibi irin wannan dama. Ɗalibin jami'a yakan rubuta wa okestira kiɗa ya yi shekara bai ji an kaɗa shi ba. Ɗalibin jagoranci yakan yi ta kaɗa tsinke gaban fiyano biyu, ko gaban madubi, don rundunar gaske tsada gare ta. Previn kullum da tasa rundunar. Tsofaffin jagororin Turai ma ai ta irin wannan hanya suka bi. Georg Solti a gidan opera na Budapest ya fara, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, yana zaune a fiyano yana biya wa mawaƙa layinsu, yana kallon yadda ake haɗa wasa daga tushe. Bambancin kawai, na Solti ana kiransa horo, na Previn ana kiransa zubar da mutunci.

Previn ya samu malamin jagoranci na gaske sau ɗaya, kuma aikin soja ne ya kai shi. Da aka ɗauke shi soja a 1950 aka ajiye shi a San Faransisko, inda Pierre Monteux yake riƙe da okestirar garin. Monteux shi ne ya jagoranci wasan farko na sanannen kiɗan rawar nan na Stravinsky a Faris a 1913, daren da 'yan kallo suka kusa ba hammata iska. Previn ya sha ba da labarin yadda tsohon ya kalle shi yana ta wurgi da hannuwa, bayan an gama ya tambaye shi ko yana ganin makaɗan suna kaɗawa da kyau. Ya ce ƙwarai. Monteux ya ce to shi ma haka ya gani, nan gaba kada ya riƙa tsoma musu baki. Duk wanda ya kalli hoton bidiyon Previn yana jagoranci zai ga wannan darasi: bugu a fili, ba yawan tsalle, ba wasan kwaikwayo da fuska.

A gefe guda kuma yana kaɗa jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka wanda ake ƙirƙirar rabinsa a take, ba takarda. Faifan Art Tatum ne ya ja shi ciki tun yana saurayi. A 1956 shi da mai ganga Shelly Manne da Leroy Vinnegar suka juya waƙoƙin wasan My Fair Lady zuwa jaz, faifan ya yi kasuwar da ba a saba ganin faifan jaz ya yi ba. A Holiwud kuma ya ci kyautar Oscar har huɗu: Gigi na 1958, Porgy and Bess na 1959, Irma la Douce na 1963, da fim ɗin My Fair Lady na 1964. Yana da shekara talatin da 'yan kai, ga kuɗi, ga suna. Sai ya tattara ya bar su, ya shiga bin ƙananan garuruwan Amurka yana jagorantar duk okestirar da ta yarda ta karɓe shi, masu sharhi a jarida suna yi masa kallon mai kiɗan fim da ya ari rigar da ta fi ƙarfinsa.

Landan ce ta haɗa su a ƙarshen shekarun 1960. Barenboim yana can yana ɗaukar faifan sonata 32 na Beethoven, wato kiɗan fiyano shi kaɗai, yana kaɗa konshato biyar na Beethoven, wato fiyano tare da okestira, ƙarƙashin tsoho Otto Klemperer, ya auri Jacqueline du Pré mai babban goge a 1967, a shekarar kuma ya fara jagorantar babbar okestirar Philharmonia. Previn kuwa, bayan ya karɓi okestirar Houston a 1967, sai makaɗan London Symphony suka zaɓe shi babban jagoransu a 1968. Kujerar da malaminsa Monteux ya zauna a kai ce daga 1961 har rasuwarsa a 1964. Previn ya riƙe ta shekara goma sha ɗaya.

Akwai wani aiki da su biyun suka yi wanda a nan ne sana'o'in nasu biyu suke haɗuwa a jiki ɗaya, wato jagoranci daga kan fiyano. Ana cire murfin fiyanon, a tura wutsiyarsa cikin tsakiyar makaɗa, mai kaɗawa ya zauna yana fuskantarsu. A farkon kiɗan, kafin nasa layin ya shigo, hannuwansa biyu na sama yana ba da bugu. Da lokacinsa ya yi sai hannuwan su sauka kan maɓallai, jagorancin ya koma ga kai da gira da numfashi. In hannun hagu ya samu hutun daƙiƙa biyu sai ya ɗaga shi ya shigo da masu busa, ya mayar. Haka Mozart da kansa yake yi a Biyana. Barenboim ya ɗauki dukkan konshaton fiyano na Mozart ta wannan hanya da English Chamber Orchestra, kuma a nan ne ya koyi jagoranci a aikace, da runduna ƙarama wadda ke sauraron juna. Previn ya yi da Mozart, ya kuma yi da Gershwin, inda jaz ɗin da ke yatsunsa ya ba shi abin da 'yan makaranta zalla ba su da shi.

To, a ɗora su a sikeli.

Wajen zurfi, Barenboim ya yi gaba, kuma ba da tazara kaɗan ba. Ya riƙe Orchestre de Paris daga 1975 zuwa 1989, ya gaji Solti a Shikago daga 1991 zuwa 2006, ya fara jagoranci a Bayreuth, cibiyar wasannin Wagner, a 1981 ya yi ta komawa har 1999. A 1992 ya karɓi gidan opera na gwamnati a Balin, garin da ubansa ya hana shi zuwa, ya zauna shekara talatin. Simfonin Bruckner, waɗanda ɗaya kan ci fiye da sa'a guda, sau uku ya ɗauke su a faifai da okestira uku daban-daban. Irin wannan kiɗa ba iya bugu yake so ba. Yana son mutumin da zai riƙe zaren tun daga sautin farko, ya san inda zai ja da inda zai saki, har ya kai ka ƙololuwa bayan minti hamsin ba ka san an ɗauko ka ba. Wannan shi ne abin da ya gani wurin Furtwängler yana yaro, ya kuma yi shekara saba'in yana bi. Wagner da Bruckner ba a koyonsu a ɗakin da ake auna kiɗa da daƙiƙa.

Previn ya ɗauki Beethoven da Brahms shi ma, amma ba su ake tuna shi da su ba. Inda ya yi fice shi ne kiɗan da launi da motsi suka fi yawa a cikinsa: simfoni na farko na William Walton da ya ɗauka a 1966, simfoni tara na Vaughan Williams, kiɗan rawa na Prokofiev da Tchaikovsky, da simfoni na biyu na Rachmaninoff a 1973, wanda ya kaɗa shi cikakke a zamanin da jagorori suka saba yanke masa manyan sassa don suna ganin ya yi tsawo. Har yau da wannan faifai ake gwada na wasu. Kunnen da ya san ainihin abin da zai fito in an haɗa wannan kayan kiɗa da wancan, daga MGM ya zo da shi. Sai dai ɗakin fim yana koya wa mutum ya gama a kan lokaci, ya faranta wa mai aiki, kada ya tsaya kokawa da abin da ya riga ya yi kyau. Wani lokaci, musamman a shekarunsa na baya, ana jin wannan sauƙin a jagorancinsa. Komai daidai, komai tsaf, amma ba abin da ya hana shi barci.

Wajen faɗi kuwa, wato yawan fagagen da mutum zai shiga a ce ɗan gida ne, nan sikelin ya juya. Barenboim ya yi faifan tango na garin haihuwarsa a 1996, ya yi na girmama gwanin jaz Duke Ellington, kuma ba su da laifi, amma ziyara ce. Ya koyi wallafa kiɗa wurin Boulanger, bai zama mawallafi ba. Previn da ya koma jaz a 1989 tare da Joe Pass da Ray Brown, ba wanda ya sassauta masa don shi babban jagora ne, kuma bai buƙaci a sassauta ba. Ya raka mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald da fiyano. Ya wallafa opera, A Streetcar Named Desire, aka fara nuna ta a San Faransisko a 1998 da Renée Fleming a gaba, ya rubuta wa Anne-Sophie Mutter konshaton goge da aka fara kaɗawa a 2002. Ba zan ce waɗannan ayyuka za su zauna kusa da na Mozart ba. Amma mutum ɗaya ya rubuta, ya rarraba wa makaɗa, ya jagoranta, ya kaɗa, ya kuma ƙirƙira a take ba takarda, wannan ita ce sana'ar kamar yadda Bach da Mozart suka san ta, kafin a yanka ta gunduwa-gunduwa a raba wa ƙwararru. Abin dariya, ɗan hayen ne ya fi kama da kakannin gidan.

Har talabijin Previn ya shiga ya yi kyau. Shirinsa na BBC ya kai okestira cikin falon mutanen da ba su taɓa sayen tikitin zauren kiɗa ba, kuma fitowarsa a wasan barkwancin Morecambe da Wise na Kirsimetin 1971, inda ya tsaya da fuska a murtuke ana ɓata kiɗan Grieg a gabansa, ta sa har ya tsufa mutanen Ingila na tsokanarsa da sunan da aka laƙaba masa a wasan. Masu ganin girman kansu sun ƙara riƙe wannan a matsayin hujja a kansa.

Akwai wani ma'auni na uku, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba: me mutum ya gina wanda zai tsaya bayan ya sauka? A 1989 su biyun suka yi karo da masu gudanarwa. A watan Janairu aka sallami Barenboim daga sabon gidan opera na Bastille a Faris tun kafin a buɗe shi. Bayan 'yan watanni Previn ya ajiye aikin Los Angeles Philharmonic saboda saɓani da manajan okestirar, Ernest Fleischmann. Abin da kowannensu ya yi bayan nan ya nuna halinsa. Previn ya ƙara zama baƙo mai daraja, yau Biyana, gobe Boston, ya riƙe Oslo daga 2002 zuwa 2006, ya ba wallafa lokaci. Barenboim ya nemi inda zai zama mai gida, ya samu a Balin, har makaɗan suka zaɓe shi jagoransu na muddin rai a 2000. Mulki mai tsawo irin wannan ba ya rasa ƙura. A 2019 wasu makaɗan da suka yi aiki ƙarƙashinsa sun fito sun koka da zafin ransa, ya musanta cewa yana cin zarafin kowa, aka kuma sabunta masa kwantiragi. Masu sharhi sun daɗe suna cewa ya rungumi aiki fiye da yadda hannu biyu za su ɗauka, har wani lokaci yatsun kan nuna ba su samu zama da fiyano yadda ya kamata ba.

Amma ginin yana nan. A 1999 shi da Edward Said, masanin adabi Bafalasɗine, suka tara matasan makaɗa Larabawa da Isra'ilawa a garin Weimar na Jamus, abin da ya zama okestirar West-Eastern Divan. A 2005 suka yi wasa a Ramallah. A 2001 ya kaɗa Wagner a birnin Kudus, inda aka daɗe ana ƙaurace wa kiɗansa saboda ƙiyayyarsa ga Yahudawa da yadda 'yan Nazi suka ɗaukaka shi. Sai da ya juyo ya tambayi jama'a, aka yi ta musu, wasu suka fita, sannan ya ɗaga tsinke. A 2008 ya karɓi fasfon Falasɗinu. Ya sha suka daga 'yan siyasar Isra'ila, ya kuma sha daga wasu Falasɗinawa masu ganin okestirar shafa mai ce a kan ciwon da ba a wanke ba. Kiɗa bai tsayar da harbi ko ɗaya ba, shi ma bai ce zai tsayar ba. A 2016 aka buɗe makarantar Barenboim-Said a Balin, inda matasa, galibi daga Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, suke koyon kiɗa haɗe da falsafa da tarihi. Previn bai bar irin wannan ba. Wanda aka yi rainonsa a matsayin magaji ya san cewa wata rana shi ma sai ya miƙa. Wanda ya koyi sana'a a bakin aiki yakan ɗauka kowa ma haka zai tsinci tasa.

Matsalar ita ce ba za a sake tsintar irin ta Previn ba. Manyan kamfanonin fim sun sallami makaɗansu na dindindin tun ƙarshen shekarun 1950, yau kuma yawancin gwajin kiɗan fim a kwamfuta ake yin sa, matashi ba zai samu mutum sittin su kaɗa masa kuskurensa da safe ba. Hanyar Barenboim ma ba a sayenta, sai an haife ka a gidan malaman fiyano biyu, an kuma yi sa'a Furtwängler na da sauran wata huɗu a duniya. Previn ya rasu a Niyok ranar 28 ga Fabrairu 2019. Barenboim ya sauka daga kujerar Balin a Janairu 2023 saboda rashin lafiya, a 2025 kuma ya bayyana cewa cutar Parkinson ce.

In aka tilasta mini in zaɓa, zan ce Barenboim ya fi girma, kuma tarihi zai fi riƙe sunansa. Amma tambayar da na fara da ita ba ta girma ba ce, ta tarbiyya ce, kuma a nan Previn nake ba. An ba Barenboim abu mafi kyau da Turai take da shi, ya riƙe amana, ya ƙara a kai. Previn fim ɗin kare aka ba shi, ya fito daga ciki da kunnen da makaɗan Landan suka zaɓa da ƙuri'arsu. Wanda yake shakka ya nemi faifan jaz ɗin nan na 1956 ya saurara, sannan ya bi shi da simfonin Walton na 1966. Shekara goma ce tsakaninsu, mutum ɗaya ne, kuma duka biyun suna nan a intanet.